Zuwa Ga Mai Jegon Fari

Na san ɗakinki yanzu ba ya rabuwa da jama'a, kuma kusan duk wadda ta shigo barka, bayan ta ajiye sabulu ko 'yar rigar jariri, sai ta ajiye miki shawara. Wannan ta ce ƙishirwa ke damun yaron, waccan ta ce nononki ya tsinke, wata ta ɗaga shi ta ce bai kai nauyin ɗan wance da aka yi sunansu mako ɗaya ba. Dare ya yi kowa ya watse, ki ɗauko waya ki leƙa zauren mata na WhatsApp ko Facebook, nan ma shawarwari ne birjik, wata na karo da wata. Dukkansu alheri suke nufinki da shi. Sai dai ke kaɗai za ki kwana da zullumin wacce za ki ɗauka.

To ga abin da nake so ki fara riƙewa. Yawancin abubuwan da ke firgita mai jego ba su da haɗari, masu haɗarin kuwa ba kasafai suke zuwa da hayaniya ba. Jaririn da ke tsala kuka yana cusa hannu a baki yana lalubar nono, wannan da ƙarfinsa. Wanda ya yi laƙwas, ya daina tsotso, har ana yabon haƙurinsa, shi ne abin ɗauka a ruga asibiti. Amsar mafi yawan tambayoyinki kuma tana jikin ɗanki: fitsarinsa, numfashinsa, nauyinsa a sikeli, da yadda yake kama nono. Su za ki koyi dubawa.

Tsoron farko a kan nono yake. Kwana biyu ko uku bayan haihuwa, abin da ke fitowa ɗan kaɗan ne, rawaya-rawaya, mai danƙo, wato dakashi. Har yau akwai gidajen da ake tatse shi a zubar, wai ya daɗe a jiki ya lalace. Akwai inda ake tatsar kaɗan a jefa tururuwa ciki, in ta kasa fita a ce nonon ba shi da kyau, a hana jariri sai an yi wa uwa magani. Danƙo ne ya riƙe tururuwar, kuma a cikin danƙon nan albarkar take. Dakashi cike yake da sinadaran kariya da jikinki ya haɗa don yaƙar cututtukan da ke yawo a gidanku da unguwarku. Yana shafe hanjin jariri, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Ƙarancinsa kada ya dame ki, domin a ranar farko cikin jariri bai fi ɗaukar cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda ba. Wanda ya halicci cikin shi ya auna abincin. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke cewa a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ya kama nono cikin awa ɗaya da haihuwa. In wannan ya wuce ki, ki riƙe shi don na gaba, ki kuma gaya wa ƙawarki mai tsohon ciki.

Maganar ruwa ce ta fi wuya a ƙasarmu, kuma ban ga laifin wanda tausayi ya kama ba. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi, zafi kan haura digiri 40, babba ma maƙoshinsa a bushe yake, sai kakar yaro ta dube ki ta ce, "Haba, ran nan ba zai sha ruwa ba?" Amsar ita ce yana sha. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa in ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, mai kauri da maiƙo ya biyo baya ya ƙosar. In zafi ya tsananta, ki yawaita ba shi, ke kuma ki yawaita shan ruwa. Ruwan da za a ɗura masa ɓarna biyu yake yi. Yana cika ɗan cikin nan da abin da ba ya gina jiki, sai tsotso ya ragu, nono kuwa gwargwadon yadda ake tsotsarsa yake zuwa. Sannan ruwan da ke yi wa babba daidai, na randa ne ko na leda, yana iya kai wa jariri ƙwayoyin gudawa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna jarirai 29 ne kacal cikin 100 na 'yan ƙasa da wata shida suke shan nono zalla. Matanmu suna shayarwa, har ma su daɗe suna yi. Haɗin da ake yi wa nonon tun da wuri shi ne ke rage masa amfani.

Haka batun rubutu da zamzam da jiƙe-jiƙe. Ba na raina niyyar mai neman wa jariri tsari. Amma ke ki sha, shi a yi masa addu'a a tofa masa. Ɗan laushin dabinon da ake goga masa a dasashi da hannu mai tsabta daban yake da ɗura masa tsimi da sassaƙe. Zuma kuwa, duk da darajarta, a jinkirta masa sai ya cika shekara, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya kashewa, na jariri bai iya ba, ta saki dafin da ke shanye jiki har ya taɓa numfashi.

Yanzu ta yaya za ki san yana ƙoshi? Ba a gane wannan ta laushin nono ko ta yawan kuka. Daga kwana biyar zuwa sama, ki duba famfas ko ƙyallensa: in yana jiƙa shi sau shida ko fiye a yini da kwana, fitsarin kuma fari-fari ba ja ba, to yana samu. Jariri sabon haihuwa kan nemi nono sau 8 zuwa 12 a awa 24, wani lokaci da yamma ya maƙale miki, ya saki ya sake kamawa har ki ce babu komai a ciki. Akwai. Ta haka yake sa jikinki ya ƙara yawan na gobe. Kusan duk jariri yakan ɗan rame a kwanakin farko, ya mayar da nauyin haihuwarsa wajen mako biyu, ya ninka shi wajen wata biyar, ya ninka sau uku in ya shekara. Shi ya sa zuwa awo yake da amfani ko yaro lafiyarsa lau. Layin da ma'aikaciya ke ja a katinsa, in yana hawa wata bayan wata, ya fi hannun duk mai ɗaga shi ta kimanta.

In shayarwa tana miki zafi har kan nono ya tsage, galibi kamun ne bai yi daidai ba. Ki juyo da shi gaba ɗaya, cikinsa ya fuskanci naki, ki jira ya wangale baki, sannan ki kawo shi ga nono ya cika baki da baƙin da ke kewaye da kan, haɓarsa na taɓa nonon, leɓensa na ƙasa a waje. Ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi, don ya kai ga mai maiƙon. Tumbuɗi, shaƙuwa, atishawa, kashi mai ruwa-ruwa rawaya sau da dama a rana, duk na jarirai ne. Bayan mako shida ma mai shan nono zalla yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba, in dai cikinsa da laushi yana kuma tsotso. Aman da ya zo kore, ko wanda ke feshowa da ƙarfi bayan kowane sha, shi ne na kai wa likita.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, ni kuwa zan faɗa. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, kuma kawaici ado ne ga mace. Amma na sha ganin yarinya tana jin ɗanta na kuka, nono na zuba a rigarta, ta kasa miƙa hannu saboda surukai na zaune, sai an ce mata "ɗauke shi mana" sau biyu. Ki ɓoye sunansa in kina so, ki kira shi da laƙabi. Yunwarsa kuwa ba ta san kunya ba. Ki ja mayafi ko ki shige ƙurya ki ba shi, tun yana motsa baki, kafin ya kai ga kuka. In kun keɓe, ki kalli idonsa, ki yi masa magana, ki yi masa wasa. Wannan haƙƙinsa ne a kanki, kuma da shi ƙwaƙwalwarsa ke girma.

Wadda lalura ta hana ta shayarwa, ko mai riƙon maraya, ba ta yi laifin komai ba. Sai dai madarar gwangwani tana da sharuɗɗa masu tsauri: ta jarirai ce takanas, ba madarar shayi ko nonon shanu ba, ruwan a tafasa shi, awon ya zama yadda aka rubuta a jikin gwangwani. Babban haɗarin shi ne tsada ta sa a riƙa tsinka ta don ta yi auki, yaro na sha yana ramewa. Ƙaramin kofi ya fi bulumboti sauƙin wankewa. Mai zuwa makaranta ko aiki kuma tana iya tatsar nata a kofi mai murfi a ba shi a bayanta, a ajiye a wuri mai sanyi, kada ya wuce awa huɗu in babu firji.

Ke kanki fa? Wankan jego yana gasa jiki, yana kuma sa a kula da mai jego kwana arba'in, wanda gata ne da matan wasu ƙasashe ba su samu ba. Amma a yi shi da sassauci. A shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun wallafa bincike a kan mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka kuma zargi haɗuwar tsananin zafi da kunun kanwa mai yawa, domin kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin wasu sinadarai a abinci, amma ciwon yana nan, kuma yankinmu na cikin inda ya fi yawa a duniya. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, ba sai mai salɓe fata ba. Kanwa a rage ta ƙwarai, mai hawan jini kuwa ta bar ta. In kika ga ƙafafunki na kumbura, kina haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko ba kya iya kwanciya sai kin jingina, kada ki bari a ce miki sanyi ne ya shige ki a ƙara wuta. Asibiti za ki, a ranar. Haka in jini ya ɓalle, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi.

Sai barci, wanda na san shi ne kike mafarkin samu. Jariri a watanni ukun farko yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a yini da kwana, amma gutsi-gutsi, awa biyu nan, uku can, domin cikinsa ƙarami ne kuma bai san dare da rana ba tukuna. Tashin dare ba rigima ba ce, ba kuma alamar nononki bai isa ba. Za ki taimaka masa ya bambanta in da rana kin bar haske da motsin gida, da dare kuma kin rage fitila, kin ba shi nono shiru ba wasa. Wajen wata uku zuwa huɗu abin kan fara daidaita, ko da yake yara da yawa kan ci gaba da farkawa har bayan shekara. Kada ki yarda a ba shi wani magani ko jiƙo don ya yi barci. In ya kwanta da rana, ke ma ki kwanta. Wanke-wanke zai jira, 'yan barka kuma za su yi miki uzuri.

Yadda za ki kwantar da shi ya fi tsawon barcin muhimmanci. Rigingine za ki sa shi, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo, ba tarin zannuwa kusa da fuskarsa. Na san za a ce miki in ya yi tumbuɗi zai shaƙe, gara ruf da ciki. Lafiyayyen jariri yana juya kai ya haɗiye ko ya fitar, kuma an gwada abin an gani. A Amurka, bayan an fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1994, mutuwar fuju'a da ke ɗaukarsu cikin barci ta ragu da kusan rabi. Mafi aminci ya sami nasa wurin dab da ke. In gado ɗaya kuke, kamar yadda akasarinmu muke yi, kada ya kwana tsakanin yayyensa, ko kusa da mai shan taba, ko ranar da kika sha magani mai sa barci, kuma kada barci ya kwashe ki da shi a kan kujera. Ku shige gidan sauro mai magani kowane dare, rani da damina. Da hunturu, kaskon garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba a gani ba a jin warinta, don haka a ɗumama ɗakin a fitar da wutar kafin a kwanta. Turaren wuta ma a yi shi jariri ba ya ciki. Kada kuma tsoron sanyi ya sa ki naɗe shi da hula da safa da bargo a tsakiyar bazara. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, in yana gumi ki rage.

Kuka yakan ƙaru daga mako biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako shida, ya lafa a wata na uku ko na huɗu, kuma ya fi yawa da magariba. In kin ba shi nono, kin sa ya yi gyatsa, kin sauya masa ƙyalle, kin duba ba zazzaɓi, to ki rungume shi ko ki goya shi ki zaga. Goyo ba ya ɓata jariri. Ki dai tallafi wuyansa da majanyi, ki tabbata hancinsa a sarari yake, ki kuma nisanta shi da hayaƙin murhu. Ranar da kukan ya kai ki maƙura har kika ji zuciyarki na tafasa, ki miƙa shi ga wani, ko ki ajiye shi a wuri mai aminci ki fita ki sha iska. Kada a girgiza jariri da ƙarfi ko sau ɗaya, domin jijiyoyin jinin kansa na iya tsinkewa.

Batun girma kuwa, gasa ce ke cinye zukatan iyaye mata. Ɗan wance ya zauna, naki bai zauna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi lafiyayyun yara a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. An ga masu zama da kansu tun kafin wata huɗu ya cika, an ga waɗanda sai da suka shiga na tara. Tafiya kuwa daga wata takwas har zuwa wajen wata goma sha takwas. Wasu ƙalilan ma ba su yi rarrafe ba sam, daga jan gindi sai tsayuwa. Dukkansu lafiyayyu. Saboda haka ki auna ɗanki da yadda yake a watan jiya. Wajen wata biyu zai fara mayar miki da murmushi, wajen huɗu wuyansa ya tsaya, wajen shida ya fara gwaranci yana kai hannu ga abin da ya gani. In yana farke kina kusa, ki riƙa kifa shi a tabarma na ɗan lokaci don wuyansa da kafaɗunsa su yi ƙwari. Abin da zai sa ki nemi likita shi ne in ƙara ba ta firgita shi, ko ba ya bin fuskarki da ido, ko jikinsa ya cika saki ko sandarewa, ko ya cika wata tara bai zauna ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Ganin likita da wuri yana sauya abubuwa da yawa, musamman a matsalar ji.

Haƙori yakan fara fitowa wajen wata shida, kuma an ɗora masa laifin da ba nasa ba. Yana kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima. Ba ya kawo gudawa mai tsanani, ba ya kawo zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne a daidai wannan lokacin yaro ke fara kai komai baki, kariyar da ya fito da ita daga ciki kuma tana raguwa. Yara nawa aka zauna da su a gida ana cewa "haƙori ne" alhali zazzaɓin cizon sauro ne ko gudawa ke tsotse su? In maɗigarsa ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya ƙare, kuma abin da za a shafa a kai ba ya mayar da shi. Nono, ruwan gishiri da suga na fakiti, ƙwayar zinc, da asibiti, su ne magani. Ki kuma yi hattara da kwalaben "maganin haƙori". Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani mai suna My Pikin, da aka haɗa da sinadari mai guba da ke kashe ƙoda, ya yi ajalin yara aƙalla 84 a Nijeriya, wasunsu a Zariya, kafin hukumar NAFDAC ta gama kwashe shi daga kasuwa. Ɗan yatsanki mai tsabta a kan dasashinsa ya isa.

Da ya cika wata shida sai a fara abinci, nono kuma ya ci gaba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne koko tsararo, ruwa zalla da ɗan suga, ya cika ciki ba ya gina jiki. Ki dama kunun da kauri yadda zai zauna a cokali, ki haɗa gero ko dawa da gyaɗa da waken soya, ki riƙa sa ɗan manja ko man gyaɗa. Ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, hanta, wake, kabewa, dankalin Hausa, garin zogale, duk abincinsa ne in an dafa an murƙushe, kuma ƙwai ba ya sa yaro sata ko jinkirin magana. Sau biyu zuwa uku a rana da farko, daga wata tara sau uku zuwa huɗu, a kwanonsa na kansa don ki ga abin da ya ci. Ɗura kuwa, a kwantar da yaro a toshe masa hanci a kwarara masa kunu, ina roƙonki ki bar ta, domin kunun kan faɗa huhu ya zama nimoniya, wani yaron ma a nan take yake shaƙewa. Shayarwa har shekara biyu ita ce shawarar likitoci, ita ce kuma cikar shayarwa da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. In kwanika ta zo, nonon mai ciki ba guba ba ne. Yayen dare ɗaya, a kai yaro gidan kaka ba nono ba uwa, shi ke jefa da yawa cikin tamowa.

Katin riga-kafi ki adana shi inda kike adana abu mai daraja. A Nijeriya ana yi ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, a maimaita ta ƙyanda a wata 15. A Nijar ma tsarin ya yi kusa da haka, katin zai nuna miki ranakun. Ɗan zazzaɓi ko kumburin wurin allura na kwana ɗaya ko biyu ba abin fasa komawa ba ne. Annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, akasarin yaran da ta kama ba su kammala allurarsu ba. Da damina kuma in masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sun zo gida, na yara ne daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, ki karɓa ki ba shi har kwana ukun.

Duk wannan zai haɗa ki da manya, ina sane. Gaskiya ne abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a goyo da rarrashi da wankan jariri da sanin halin yaro, uwarki da uwar mijinki malamanki ne. Sun yi abin da suka sani da zuciya ɗaya, a zamanin da ba a gano abin da aka gano yanzu ba, da yawansu kuma sun binne 'ya'ya suna haƙuri. Kada ki ce wa surukarki ba ta sani ba. Ki ce, "Inna, a asibiti sun hana, sun ce a jira wata shida." Ki roƙe ta ta raka ki awo ta ji da kunnenta, domin kakar da ta gamsu ta fi kowa tsare jikanta. Maigidanki kuma ki fahimtar da shi tun kuna ku biyu, don maganar da ta yi miki nauyi a gaban mahaifiyarsa shi ya ɗauke miki. Ta wannan hanyar za ki kare ɗanki daga cire beli, da gasa cibiya da tsumma mai zafi ko shafa mata man goge baki, da zuba kafur a kayansa, wanda ke fasa jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai taɓa ƙwaƙwalwa. Cibiya maganinta na asibiti ne, ko a bar ta a bushe da tsabta.

Zuciyarki ma abin dubawa ce. Kuka ba dalili a kwanakin farko yana samun mata da yawa, ya wuce cikin mako biyu. In ya zarce, ba kya jin daɗin komai, ba kya iya barci ko yaro ya yi, kina jin ba ki cancanci zama uwa ba, ko tunanin cutar da kanki na zo miki, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa na fama da irin wannan. Ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Ki ci gaba da addu'arki, ki kuma gaya wa wadda kika amince da ita da ma'aikaciyar lafiya.

Saura alamomin da ba a kwana da su. Jaririn da ya ƙi nono ko ya kasa tsotso. Wanda ke jijjiga, ko da ɗan karkarwar hannu ne da ƙafewar ido. Wanda numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ƙasan haƙarƙarinsa ke lotsawa ciki, ko yake gurnani. Wanda jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau. Wanda ba ya motsi sai an taɓa shi. Wanda idonsa ya yi rawaya a ranar farko, ko rawayar ta sauko har tafin hannu da ƙafa. Wanda cibiyarsa ta yi ja tana ruwa ko wari. A jariri ɗan ƙasa da wata uku, zazzaɓi kowane iri na asibiti ne, ba na kemis ba, ba na shanya a hantsi ba, ba na jira gari ya waye ba, domin jikin jariri kan rikice cikin 'yan awanni.

Don haka yau ɗin nan, tun kowa na lafiya, ki zauna da maigida ku yanke shawara uku. Wane asibiti ne mafi kusa da ke karɓar jarirai da dare? Wa za a kira ya kai ku, mai mota ne ko mai adaidaita, kuma lambarsa na cikin wayoyinku duka biyu? Sannan ki nemi izininsa tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa in da hali, cewa duk ranar da kika ga ɗaya daga cikin alamomin nan ba ya gida, za ki ɗauki yaron ki tafi ba sai kin jira shi ba. Daga kuɗin barka ki ware na mota da na kati, ki ƙulle su tare da katin riga-kafinsa.